Agogon Hannu Mai Ƙidayar Barci: Bayani Domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, a kan wani abu da ya shigo ƙasa ba da daɗewa ba, wanda kuma ba mamaki wata rana a kawo shi zaure a ce shi ne shaida. Abin nan shi ne agogon hannu na zamani, wanda bayan faɗin lokaci ya kan ƙidaya takun mai shi da bugun zuciyarsa, sa'an nan da safe ya nuna masa a fuskar waya cewa ga yawan barcin da ya yi daren jiya, ga kuma yawan farkawarsa. Kamfanin Fitbit na Amurka ya fito da na'urarsa ta farko mai ƙidayar taku da barci a 2009, kamfanin Xiaomi na ƙasar Sin ya biyo da mai araha a 2014, Apple kuma ya sa ƙidayar barci a cikin agogonsa a 2020. Yau ana samun irinsu, da na Oraimo da waɗansu, a shagunan waya na Kaduna, har ɗan makaranta ya kan ɗaura.

Garin Kakau ya isa misali. Yana cikin ƙaramar hukumar Chikun, kudu da Kogin Kaduna, a bakin babbar hanyar Abuja, yana kuma da tasha a layin dogon da aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016. Dare a irin wannan wuri ba ya mutuwa ɗungum. Manyan motoci suna wucewa, masu gadi da 'yan sintiri suna kwana ido biyu tun shekarun da masu satar mutane suka addabi hanyar, Musulmi suna tashi sallar dare da sahur, Kirista suna kwanan addu'a, mai goyo tana tashi shayarwa, ga zafin bazara, ga sauron damina. Mutum kaɗan ne zai kwanta ƙarfe 10 ya zarce har asuba bai motsa ba. To, barci mai yankewa irin wannan shi ne daidai inda agogon ya fi rauni, shi ya sa ya kamata a san yadda ya ke aiki.

Yadda likitoci su ke auna barci

Barci a ƙwaƙwalwa ya ke, ba a hannu ba. Idan likitoci suna son su tabbatar, sai su kwantar da mutum a ɗaki na musamman, su manna masa waɗansu siraran wayoyi a fatar kai, da gefen idanu, da haɓa. Wayoyin nan suna ɗaukar ɗan ƙarfin lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, wanda kamanninsa a farke daban ne da kamanninsa a barci. A 1953 Aserinsky da Kleitman na Jami'ar Cikago suka gano cewa akwai wani kashi na barci da idanu ke kai da kawowa a ƙarƙashin fata, wanda a cikinsa a ke yin yawancin mafarki. A 1968 masana suka yi ittifaƙi a kan ƙa'idar karanta takardar. A kan yanka daren gaɓa gaɓa, kowace gaɓa daƙiƙa 30, a duba kowacce a rubuta mata hukuncinta: farke, ko barci sama sama, ko barci mai nauyi, ko barcin mafarki.

Da wannan awo aka san cewa barcin lafiyayyen mutum zagaye ya ke yi, kowane zagaye wajen minti 90, sau 4 zuwa 6 a dare. A ƙarshen zagaye mutum ya kan ɗan farka, ya juya, ya gyara mayafi, ya koma. Galibi da safe ba ya tunawa, domin farkawar da ba ta wuce 'yan mintoci ba ba ta zama a zuciya. Saboda haka wanda agogonsa ya nuna masa ya farka sau goma, alhali shi sau ɗaya ya sani, kada ya tsorata. A wannan wuri kam agogon ya fi shi kusa da gaskiya.

Abin da ke cikin agogon

Agogon ba shi da waya ko ɗaya da ta kai ga ƙwaƙwalwa. Abu biyu ya dogara da su. Na farko ma'aunin motsi ne, ɗan ƙaramin abu da bai kai ƙwayar dawa ba, wanda ke jin girgizar hannu ta fuska uku, sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu, sau da yawa cikin kowace daƙiƙa. Na biyu koriyar fitila ce a bayan agogon, wadda ke haska fata. Jini yana shanye koren haske, saboda haka duk sa'ad da zuciya ta buga jini ya cika jijiya, sai hasken da ke komowa ya ragu, da haka a ke ƙidaya bugun. Waɗansu masu tsada suna ƙarawa da awon zafin fata da na iskar da ke cikin jini.

Daga nan sai lissafi. A 1992 Roger Cole da Daniel Kripke da abokan aikinsu a San Diyego suka buga wata ƙa'ida da ta zama uwa ga masu yawa. Ga yadda ta ke. Idan ana son a yanke wa minti ɗaya hukunci, sai a ɗauki motsin da aka yi a cikinsa, a haɗa da na minti 4 da suka gabace shi da na minti 2 da suka biyo bayansa, kowanne da nauyin da aka ba shi. In jimlar ta gaza wani adadi, a rubuta barci. In ta kai, a rubuta farke. Kamfanonin yau kowanne yana da tasa ƙa'idar, yana kuma ɓoye ta kamar yadda maƙeri ke ɓoye sirrin ƙira, sun kuma ƙara lissafin bugun zuciya a kai, da ya ke bugun ya kan sauka a barci mai nauyi ya tashi in an farka. Amma tushen bai sāke ba. Abin da agogon ke gani shi ne hannu ya yi shiru, sa'an nan ya yi kirdado cewa mai hannun ya yi barci.

Inda ya ke tuntuɓe

Hausa tana da kalma domin abin da ke ruɗa agogon, ita ce likimo. Yaron da ya ji ana neman mai zuwa aike ya lafe a tabarma ya rufe ido, da uwarsa da agogon duk zai iya wuce su. Mai rashin barci kuwa likimon dole ya ke yi. Ya farka ƙarfe 2, ya kwanta rigingine yana lissafin bashi ko yana sauraren haushin kare daga bayan gari, hannunsa a kan ƙirji, numfashinsa a hankali, bugun zuciyarsa bai yi nisa da na mai barci sama sama ba. Agogon zai ba shi minti kaɗan na farke, daga nan ya mayar da shi cikin masu barci.

A ɗauki misali da lissafi. Magidanci ya kwanta ƙarfe 10, ya tashi ƙarfe 5, watau minti 420 a shimfiɗa. Ƙarfe 2 ya fita ya kama ruwa, ya yi alwala, ya yi nafila, duka minti 30. Ya komo ya kwanta, barci ya ƙi zuwa sai bayan minti 60. Barcinsa na gaskiya minti 330 ne, watau awa 5 da rabi. Minti 30 na tafiya da ruku'u agogon ba zai kuskure su ba, gama hannu yana aiki. Amma daga minti 60 na kwanciya shiru mai yiwuwa ne 15 kaɗai zai kama. Da safe sai waya ta ce masa ya yi barcin awa 6 da kwata, shi kuwa yana jin jikinsa kamar an yi masa duka. Jikinsa ne ya faɗi gaskiya.

Wannan ba zato ba ne, an gwada. A 2021 aka buga sakamakon wani gwaji da masu binciken lafiya na sojan ruwan Amurka suka yi a San Diyego. Sun kwantar da matasa lafiyayyu 34 da wayoyin likita a kansu, tare da na'urorin kasuwa iri 7, huɗu na ɗaurawa a hannu, uku na ajiyewa kusa da mai barci, har a wani daren suka riƙa tashinsu da gangan. A wajen gane barci dukansu sun yi kyau, kowacce ta kama aƙalla 93 cikin 100 na gaɓoɓin barci. A wajen gane farkawa kuwa, wadda ta fi duka ta kama 54 cikin 100, ta ƙarshe 18 kawai. Na'urorin da suka fito daga baya sun ɗan gyaru, amma har yanzu gane farkawa shi ne gurgun ƙafarsu.

Malaman hakimai, da ya ke su ma'abota rajista ne, za su fi kowa saurin gane wata dabara da ke cikin tallan masu sayarwa. A kan ce agogo kaza yana dacewa da awon likita 90 cikin 100. A ƙaddara malami yana da rajistar mutum 100, kullum sai ya cika ta da alamar halarta ba tare da ya kira suna ba. In mutum 10 ne ba su zo ba, to, ya yi daidai a 90 cikin 100, alhali bai duba kowa ba, kuma mutum goman nan da ya ɓatar su ne dalilin da ya sa aka ba shi rajistar. Haka agogon da zai rubuta barci tun daga kwanciya har asuba zai ci maki mai yawa a hannun mai barcin kirki, domin yawancin daren barcin ne. Gwargwadon yawan farkawar mutum, gwargwadon yawan kuskuren agogon a kansa. Wanda ya fi bukatar awon shi ne wanda awon ya fi zalunta.

Kuskuren yana kuma juyawa ta ɗaya gefen. Yaron mota da ke barci a bayan tirela tana tafiya, ko uwa da jariri ke motsi a jikinta, ko mai yawan juyi, za a rubuta musu farke alhali suna barci. In madaurin ya yi sako sako fitilar ba ta samun fata sosai, ƙidayar bugun ta lalace. In caji ya ƙare tsakar dare, abin da ba baƙo ba ne inda wuta ba ta zama, sai daren ya yanke a nan.

Barci mai hawa biyu

Akwai wata matsala da ta fi shafar ƙasar nan. Masu ƙera agogon sun gina shi a kan barcin ma'aikacin ofis na Turai da Amurka, wanda ke kwanciya sau ɗaya ya tashi sau ɗaya. Kamfanin Fitbit ya bayyana cewa agogonsa ya kan ɗauka mutum ya yi barci in ya yi wajen awa guda bai motsa ba, kuma ba ya rarraba barci kashi kashi in bai kai awa 3 ba. In farkawar tsakiya ta yi tsawo, a kan raba daren gida biyu, wani lokaci mai shi ya ga babban kashin kaɗai ya zaci shi ke nan. Waɗansu masu araha ma ba sa ƙidayar barci sai cikin sa'o'in dare da aka ƙayyade musu. Mai azumin da ya tashi sahur ya zauna har asuba ya koma ya kwanta da hantsi, da mai tahajjud a goman ƙarshe, da mai gadin da barcinsa duka na rana ne, da mai ƙailula bayan azahar, dukansu lissafinsu zai iya fita a gurguje, wayar kuma ta ba su maki kaɗan kamar sun yi laifi.

Alhali kuwa barci mai hawa biyu ba cuta ba ne. Wani malamin tarihi na Amurka, Roger Ekirch, ya tattara shaidu masu yawa a littafin da ya buga a 2005, cewa mutanen Turai kafin zuwan fitilar zamani suna da abin da su ke kira barcin fari da barci na biyu, a tsakaninsu su yi addu'a ko hira ko ɗan aiki. Ya kuma kawo rahoton Paul Bohannan na 1953 cewa Tibi na ƙasar Binuwai suna da waɗannan sunaye biyu a lissafinsu na dare. A 1992 wani likita, Thomas Wehr, ya buga labarin gwajin da ya yi, inda ya sa mutane cikin duhu na awa 14 kowane dare har wata guda. Da tafiya ta yi nisa sai barcinsu ya rabu biyu da kansa, kowane kashi wajen awa 4, da farkawar awa 1 zuwa 3 a tsakani. Sa'an nan a 2017 David Samson da abokansa suka ɗaura wa mutum 33 na kabilar Hadza ta Tanzaniya ma'aunin motsi har kwana 20. A duk tsawon nan minti 18 kaɗai aka samu da dukansu ke barci lokaci guda. Kusan ko yaushe akwai mai ido biyu a zango, ba tare da an naɗa mai gadi ba. Tsohon da ke tashi tsakar dare ya leƙa garke ya duba ƙyaure, a kan wannan tsohuwar hanya ya ke.

In an kawo agogo shaida

Ga inda abin ya shafi hakimi kai tsaye. A ƙaddara mai shago a bakin hanya ya saya wa mai gadinsa agogo, aka yi sata, da safe ya zo da waya a hannu yana cewa ga shi a rubuce, mai gadi ya yi barci daga ƙarfe 1 zuwa ƙarfe 4, saboda haka ya biya ko a kore shi. Ko kuwa shugaban 'yan sintiri ya zo da irin wannan ƙara a kan yaronsa. Rubutun na'ura yana da kwarjini, ga zane mai launi, ga minti a ƙididdige, talakan da bai yi karatu ba kuwa ba shi da bakin musu da shi.

Lalle ne hakimi ya tuna da aikin gadi kansa. Mai gadin kirki zama ya ke yi a inuwa, ba ya motsi, ba ya haska tocila, yana saurare, domin mai yawo da fitila ɓarawo ya riga ya san inda ya ke. Zaman nan kuwa shi ne ainihin abin da agogon ke karantawa barci. Saboda haka rubutun da ya ce an yi barci bai tabbatar da barci ba, abin da ya tabbatar shi ne hannu bai motsa ba. Amma rubutun da ya nuna taku ɗari biyu da ƙarfe 3 ya fi ƙarfi, gama da wuya mai barci ya yi taku, sai dai a bincika ko a hannunsa agogon ya kwana. Watau agogon ya fi amfani wajen wanke mutum da a ce ya kama shi. In ana son a san ko mai gadi yana zagayawa, tsohuwar hanya ta fi: a sa masa wuraren da zai taɓa a sa'o'i sanannu, ko a yi musayar kira tsakanin masu gadi, a kuma ji bakin maƙwabta. Ko a ƙasar da aka ƙera shi ba a ba shi matsayin hukunci ba. A 2018 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da sanarwa cewa kada a dogara da na'urorin kasuwa wajen gane cutar barci ko maganinta. Abin da likita bai yarda ya yanke hukunci da shi a asibiti ba, bai kamata a raba mutum da abincinsa da shi a zaure ba.

Akwai kuma abin lura ta wajen tsaro. Yawancin agogunan nan suna aika abin da suka rubuta ta waya zuwa rumbun kamfani, waɗansu manhajoji kuma suna nuna wa jama'a hanyar da mutum ya bi. A farkon 2018 aka gane cewa taswirar da kamfanin Strava ya buga ta masu motsa jiki ta fallasa wuraren sansanonin soja a ƙasashe da dama. Ya kamata a gargaɗi 'yan sintiri kada su riƙa yaɗa hoton barcinsu ko na zagayensu, don ba a faɗa wa ɓarawo sa'ar da gari ke kwana.

Wanda ya kamata a tura asibiti

Mutane iri biyu za su zo da kuka. Na farko lafiyarsa ƙalau, yana tashi garau yana aikinsa, amma waya ta ce masa barcinsa mai nauyi minti 40 ne kawai, ya shiga damuwa. A 2017 waɗansu likitoci a Cikago suka ba da labarin marasa lafiya da neman cika makin agogo ya hana su barcin kansa, suna daɗewa a gado don adadi ya ƙaru. Irin wannan a ba shi shawara ya tuɓe agogon da dare har mako biyu. Rarraba barci zuwa mai nauyi da marar nauyi ma yana da wuya ga agogon.

Na biyu shi ne wanda agogo ke cewa lafiya, jikinsa yana cewa a'a. Wannan kada a bari rubutun waya ya rufe masa baki. Wanda ke tashi fitsari sau uku ko huɗu kowane dare, musamman in da ƙishirwa da rama, a auna shi ciwon suga, in dattijo ne a duba mafitsararsa. Wanda ke minshari mai ƙarfi har numfashinsa ya ɗauke ya farka a firgice, da rana kuma yana gyangyaɗi a zaune, yana bukatar likita da gaggawa, balle in direba ne, iyalinsa kuwa sun fi agogo sanin halinsa. Wanda numfashi ke gagararsa in ya kwanta sai ya tashi zaune, a duba zuciyarsa. Wanda kuma tsoro ya hana shi rintsawa tun bayan wani hari ko wata sata da aka yi a gabansa, ba rashin tawakkali ba ne, ciwo ne mai magani, akwai asibitin gwamnatin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa, nan kudancin kogi, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin gari. Kafin a kai ga haka a tambayi mutum goro nawa ya ke ci bayan la'asar, da shayi kofi nawa, don sau da yawa a nan maganar ta ke ƙarewa.

Taimakon da malamin hakimi zai yi wa mai zuwa asibiti shi ne ya ja masa layi a takarda, kwana 14, kowace rana da gurbinta. Da safe, ba da dare ba, mutum ya faɗa a rubuta lokacin da ya kwanta, da kimanin lokacin da barci ya ɗauke shi, da sau nawa ya farka da abin da ya tashe shi, da lokacin da ya tashi, da barcin da ya yi da rana. Ba a bukatar ya riƙa duba agogo cikin dare, kirdado ya isa. In yana da agogon zamani sai a rubuta adadinsa a gurbi na ƙarshe, gefe da gefe da nasa, a bar wa likita ya gwama su. Daren da caji ya ƙare, ko aka tuɓe agogon domin alwala aka manta ba a mayar ba, a ja masa layi a rubuta dalili.